Barka da Sallah daga unguwar Harlem a birnin New York

Assalamu alaikum Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. A wani zauren taro muka yi Idi, ba dawaki, ba kalangu, ana sallamewa kowa ya ruga wurin aiki. Na dawo na ɗora tuwon shinkafa, ya ƙi tuƙuwa, shinkafarsu warara take. Miyar taushe kuwa, kabewa akwai, amma ba yakuwa ba daddawa, sai ta fito kamar kunun yaye. Na ci dai, ina tuna kwanukan da kike aikenmu kaiwa maƙwabta.

Shi ya sa na zuba a kwano na kai wa tsohon da ke ɗakin kusa da nawa. Loma biyu ya yi don kara, ya biya ni da labarin waƙar da na tarar yana ji, Stand by Me. Mai ita, Ben E. King, a unguwar nan ya tashi, ya rasu a 2015. A 1961 ta fito, bayan ya bar ƙungiyar mawaƙa ta Drifters, tushenta kuma wata waƙar coci ce. Ya nuna mini sunayen waɗanda suka tsara ta a jikin faifan: King, sai wani Glick. Ashe mutum biyu ne, Jerry Leiber da Mike Stoller, suka fake da sunan Elmo Glick. Stoller ne ya tsara kiɗan nan mai kauri na farkonta. Kuɗin kuma rabi na King, su biyu suka raba rabi.

Kin ji, nan har mai kiɗa sai an rubuta shi. Sai na tuna mai kalangun da ke zuwa ƙofar gidanmu duk Sallah yana wasa Baba har kakanni, ni ko sunansa ban sani ba. In ya zo gobe, a tambayar mini, a ba shi goro cikin abin da na aiko.

A gaida Baba da Kawu. Goggo kuwa gaisuwarta daban, a ce mata rigar sanyin tana nan, dambun naman ya ƙare tun watan jiya, ina lasar gwangwanin. Yaya da maigidanta. Auta ya bar mini kekena. Sauran mutanen gida duka.

Ɗanki.