Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Dikko Radda kan tankunan man da aka bari a ƙarƙashin ƙasa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan wani abu da ba ya fitowa a hoto, shi ya sa da wuya a kawo maka shi a wurin buɗe aiki.

A bakin titin unguwarmu a nan cikin Katsina akwai gidan man da bai sake sayar da ko lita ɗaya ba tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da aka rantsar da kai. An kwance famfunan, an sayar da rufin, mai shayi ya kafa teburinsa a kan simintin. Tankunan kuwa suna nan binne yadda aka bar su. Da daminar bara maƙwabcina, wanda rijiyarsa ke bayan katangar wurin, ya aiko yaro ya kira ni. Ya jawo guga ya miƙo mini bai ce komai ba. Saman ruwan na ƙyalli launi-launi, warin fetur ya doki hancina. Rijiyar da mahaifinsa ya haƙa ce. Yanzu faifan kwano ya rufe ta da shi, ruwan alwala ma sai ya jira 'yan garuwa.

Tankin ƙarfe da ke kwance cikin danshi tsatsa ke cin sa, kuma ko an ce an kwashe mai, akwai laka da ragowa a gindinsa. Ƙasarmu yashi ce, abin da ya zuba ba ya tsayawa sai ya tadda ruwan ƙasa. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, sai ya kwanta a samansa, damina ta ɗago shi ta raba wa rijiyoyin maƙwabta. A cikinsa akwai sinadarin benzin mai jawo sankarar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a litar ruwan sha. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta samu rijiyoyi a Ogale ta ƙasar Ogoni da suka ninka wannan ƙa'ida sau 900, har yau ana fama da gyaran. Mu ba mu haƙo mai, amma gubar iri ɗaya ce.

Ga kuma maganar wuta. Duk tsohon mai walda ya san tankin da ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya taru a ciki tartsatsi ɗaya yake jira. Mai shayin nan kullum da asuba a kansa yake hura wuta.

Na san za a ce lasisin gidan mai na NMDPRA ne, hukumar tarayya mai kula da harkar man fetur, malalar mai kuma aikin wata hukumar tarayyar ne mai suna NOSDRA. Gaskiya ne. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa filayen birni, takardar mallaka da izinin gini daga ofisoshinka suke fitowa. Abin da ke faruwa yanzu shi ne mai kuɗi ya sayi tsohon gidan mai, ya zuba kankare a kan tankunan, ya tada shaguna, wani lokacin har da makarantar yara, ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakar wurin.

Roƙona, ranka ya daɗe, kada a ƙara sa hannu a sauya wa irin wannan fili aiki sai an tono tankunan. A tsotse ragowar man da lakar, a kore tururin kafin wani ya kusanto da abin yanka, sannan a ɗaga tankin a ga inda ya huje. Muhimmin wurin shi ne ramin da ya bari. A ɗebi ƙasar gindi da ta gefe a kai ɗakin gwaji, ga jami'ar Umaru Musa Yar'adua nan kusa. Ƙasar da ta sha mai a kwashe ta zuwa wajen gari, a shimfiɗa a kan leda mai kauri, a gauraya da taki ana juyawa ana yayyafa ruwa, ƙwayoyin halittar cikinta su cinye man a hankali, zafin ranarmu ma taimako ne. Kada dai a bar direban tifa ya sayar da ita a matsayin ƙasar ciko, don na tabbata sai wani ya yi ƙoƙarin yin hakan.

Kuɗin aikin wanda ya ci ribar wurin ya biya, ko a cire daga kuɗin cinikin filin. Kafin nan, a turo ma'aikatan hukumar muhalli ta jiha su ƙidaya gidajen man da suka mutu daga Ƙofar Ƙaura zuwa hanyar Jibiya, su auna rijiyoyin da ke kewaye da su. In sun zo unguwarmu, maƙwabcina ya ajiye musu ruwan a jarka.

Wassalam,
wani mazaunin birnin Katsina.