Zuwa Ga Aminina, Sabon Manajan Sito

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Ikko, ya fama da cunkoson Apapa? Mu nan Kano sai godiyar Allah, hunturu ya fara leƙowa.

Labari ya iske ni cewa an ɗora ka a kan sito gaba ɗaya, direbobi da 'yan dako da akawu duk suna ƙarƙashinka. Allah ya sanya alheri, ya taya ka riƙo. Tunda ka nemi shawarata, ga abin da idona ya gani a kamfanin shinkafar da nake aiki a Sharaɗa.

Manajoji iri-iri sun zo sun wuce, amma ɗaya ne har gobe ake sa wa albarka. Wata rana ana tsaka da aiki, ga tirela a bakin ƙofa tana jiran lodi, yaron da ke kan injin casa ya ji ƙarar injin ta sauya. Ya ruga ofis jiki na rawa. Mutumin nan ya ajiye biro, ya bi shi, ya kara kunne, ya ce a kashe. A gabanmu ya kira mai kamfani ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na sa aka tsayar, kaya ba za su fita yau ba." Faɗan da aka yi masa muna jiyo shi daga wayar, amma ko sunan yaron bai ambata ba. Da makanike ya kwance, ashe boris ɗin injin ne ya ci, saura ƙiris ya ja mana asarar injin. Daga ranar, kome ƙanƙantar matsala da gudu ake kai masa.

Wanda ya gaje shi kuwa sarkin tsawa ne, a gaban leburori yake zage dattijo mai furfura. Me ya biyo baya? Kowa ya kama bakinsa. Buhu ya jiƙe, a tura shi ƙasan tari. Inji ya yi tari, a ce bari ya mutu a hannun masu aikin dare. Shi kuma yana ofis yana ganin ana tsoronsa, 'yan kai gulma ne kaɗai ke shiga wurinsa. Babba juji ne, malam. In za ka yi wa mutum faɗa, ja shi ofis ka rufe ƙofa, yabo kuma ka yi shi a bainar jama'a.

Sai maganar haƙƙi. Ka san hadisin nan na biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota kaɗai na cinye albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ka fi ni sanin inda take tsayawa a Legas. Ba kai ke yanka albashi ba, na sani, amma kai ne bakinsu a wurin masu kamfani. Ka bibiyi kuɗin fansho da kanka: doka ta ce kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga kamfani, kuma sau da yawa a kan cire na ma'aikaci a ƙi turawa. In albashi zai makara, ka tara su ka faɗa musu tun da wuri.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne 'yan uwanmu. Suna jin Bahaushe ya zama oga, za ka ga sallama daga Agege har Idi-Araba, kowa da ɗan da zai kawo. Taimaka inda ya dace, amma Bayarabe da Ibo da ke ƙarƙashinka suna kallon wa ka ba hutu, wa ka ba takardar tuhuma. Direba ɗan garinku ya sha man mota, hukuncinsa ɗaya da na kowa.

Kuma don Allah ka riƙa saukowa wajen lodi, kada sanyin ofis ya riƙe ka.

Su Hajiya suna gaishe ka, ta ce a tuna maka alkawarin zuwa da yara da Babbar Sallah. Ka gaida maiɗakinka. Kilishi na nan tafe ta hannun direban da zai taso ranar Asabar, ka sa a duba maka a Mile 12.

Wassalam,
Naka amini.