A Duba Rumbuna da Gonaki, Ba Rufin Kwano Kaɗai Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in roƙi hukumar ba da agajin gaggawa ta Jigawa, wato SEMA, kan ɓarnar da guguwar farkon damina ta yi a ƙauyukanmu na ƙasar Gumel.

Idan masu ƙiyasi sun zo, don Allah kada lissafi ya tsaya kan kwanon da iska ta yaye. A leƙa rumbunan da suka kife, nan abincin gida yake. A shiga gona: rairayi ya binne geron da ya tsiro, sai an sake shuka, ga iri da tsada. Katangar ƙasa da ta tsage kuwa, ruwa na gaba zai kayar da ita, wataƙila kan yara.

A zaga tare da masu unguwanni, su suka san gidajen marayu.

Naka,
Wani manomi, Gumel