Gwajin tarin fuka: kada a bar ƙauyuka baya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, wadda ke duba kakin mai tari ta fidda sakamako cikin kamar awa 2. Har tana nuna ko ƙwayar cutar ta daina jin rifampicin, babban maganin tarin fuka. Nan ne amfaninta ya fi yawa, don in ba a gane ba, mutum zai sha magani wata 6 bai warke ba, yana kuma shafa wa iyalinsa.

Sai dai na'urar ba ta jure ɗauke wuta da zafi irin na Adar. Ina roƙon hukumomi su haɗa mata sola, su kuma tsara kawo kaki daga ƙauyuka.

Wani mai karatu, Tahoua