Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Game da Masaukinku a Istanbul

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, na rubuto ne a kan maganar da muka fara ta waya ba mu ƙarasa ba, wato tafiyar kwana biyar da ka shirya domin kai mahaifiyarka da matarka birnin Istanbul, wanda muka taso muna jin manya na kiran sa Santambul. Na yi farin ciki ƙwarai da wannan niyya, Allah ya yi maka albarka. Sai dai da ka turo mini hotunan otal ɗin da hankalinka ya kwanta da shi, na ga ɗakuna masu faɗi da shimfiɗu masu kyau, amma da na nemi adireshinsa a taswira sai na tarar da shi can yamma, nesa da ganuwar tsohon gari, inda kowace fita da kowace dawowa za ta cinye muku lokaci mai tsawo a cikin cunkoson motoci. Shi ya sa nake so ka dakata da biyan kuɗi har ka karanta wannan takarda.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, an gina tsofaffin birane ne tun kafin a san mota, kuma an auna titunansu da ƙafar mutum da ta dabbar da ke ɗaukar masa kaya. A tsohon garin Fas na ƙasar Maroko mota ba ta shiga mafi yawan lunguna, sai dai a sauke baƙo a bakin ƙofa ya ƙarasa da ƙafa. A Benis ta Italiya motoci na tsayawa ne a bakin gari, daga nan sai jirgin ruwa da gadoji fiye da 400, galibinsu masu matakala. A Rum da Fulorans kuwa akwai unguwannin tsakiya da aka taƙaita shigar mota, an kafa kyamarori a mashigarsu, baƙon da ya kutsa da motar haya bisa rashin sani kan tarar da takardar tara tana jiran sa bayan ya koma gida. Saboda haka a irin waɗannan birane, tambayar farko a kan masauki ita ce minti nawa ne a ƙafa daga ƙofarsa zuwa wuraren da suka kawo ka, kuma wace irin hanya ce tsakaninsu. Kyawun ɗaki yana zuwa ne daga baya, domin barci kawai za ku yi a cikinsa.

Istanbul kuwa ruwa ya raba ta gida uku. Akwai tsohon gari, wanda Sultan Muhammad na Biyu ya ci da yaƙi a shekarar 1453, kuma a nan ne mafi yawan abin da mahaifiyarka take marmarin gani yake. Akwai Galata da Taksim a ƙetaren wani hannun ruwa da suke kira Halic, sannan akwai ɓangaren Asiya, inda Uskudar da Kadikoi suke, a ƙetaren mashigin Bosforus. Aya Sofiya, wadda aka kammala a matsayin coci a shekarar 537 a zamanin Sarki Jastiniyan, aka kuma sake mayar da ita masallaci a shekarar 2020, tana fuskantar Masallacin Sultan Ahmad, lambu ne kawai a tsakaninsu. Fadar Topkapi, ta sarakunan Daular Usmaniyya, tana bayan Aya Sofiya. Wata tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336 tana tsallaken titi. Wanda ya sauka a wannan unguwa zai iya ziyartar wuraren nan huɗu ba tare da ya hau komai ba, wanda kuma ya sauka inda ka zaɓa sai ya yi sammako kullum kamar mai zuwa aiki.

Amma kada ka ɗauka duk otal ɗin da ya rubuta cewa yana kusa da Masallacin Sultan Ahmad ya dace da ku, kuma a nan ne nake so ka fi natsuwa. Tsohon garin yana kan tuddai bakwai ne, taswirar waya kuwa shimfiɗe take nuna komai, ba ta gaya maka inda hawa yake. Daga bayan masallacin ƙasa na gangarawa sosai zuwa bakin Tekun Marmara, titunan an daɓe su da duwatsu, kuma ƙananan otal-otal da yawa suna cikin wannan gangare. Tazarar da taswira za ta ce minti bakwai ce, ga mai ciwon gwiwa irin mahaifiyarka za ta iya zama minti ashirin da hutu biyu a hanya, ita kuwa ka san halinta, ba za ta ce maka ta gaji ba, sai dai ka ga ta yi shiru ta rage sauri. Ni kaina na faɗa wannan tarko a zuwana na farko. Na kama ɗaki a wani ƙaramin otal saboda na ga hoton teku ta tagarsa, da na isa sai mai tasi ya sauke ni a saman layi don motarsa ba za ta iya juyawa a ƙasa ba, na ja akwatina a kan duwatsu har tayarsa ɗaya ta cire, na kuma tarar ɗakin yana hawa na huɗu a gidan da ba shi da lifta. A lokacin da sauran ƙarfi a jikina, duk da haka ban taɓa komawa masauki da rana ba, saboda tunanin hawan da ke jirana in zan sake fita. Ba na so ka sa mahaifiyarka cikin wannan hali.

Shawarata ita ce ka ɗauki layin jirgin cikin gari mai lamba T1, wanda suke kira tiram, ya zame maka ma'auni. Wannan layi yana tasowa daga Kabatash, ya bi ta Karakoi, ya haye gadar Galata zuwa Eminonu, ya wuce Sirkeji da Gulhane, ya hau zuwa Sultanahmet, ya ci gaba har Beyazit inda babbar kasuwar nan mai rufi take. Kusan duk abin da za ku gani yana rataye a jikinsa. Ka nemi masaukin da bai wuce minti biyar a ƙafa daga tashar Sirkeji ko Gulhane ko Sultanahmet ba, a kan hanya mai sauƙin hawa. Ni na fi karkata ga Sirkeji da Gulhane, domin ƙasarsu ta fi lafawa, suna kusa da tashar jiragen fito, kuma in za ku manyan masallatan jirgin ne zai yi muku hawan tudun. Ka lura cewa a allunan tashoshi za ka ga an rubuta Sirkeci, domin a rubutun Turkanci harafin c yana ba da sautin j ne. Taksim wuri ne mai hada-hada har tsakar dare, samari na son sa, amma daga can sai kun sauko Kabatash a wani ɗan gajeren jirgin ƙarƙashin ƙasa kafin ku hau T1, kuma ban ga abin da mahaifiyarka za ta ƙaru da shi a wannan ƙarin zirga-zirga ba.

In ka samu wuri biyu ko uku da suka cika wannan sharaɗi, ka rubuta musu kafin ka biya, ka kuma adana amsarsu a rubuce. Ka tambaya ko akwai lifta, kuma ko tana kaiwa har hawan da ɗakinku yake, domin a tsofaffin gidajen da aka mayar otal sau da yawa akan sami matakala tun daga bakin ƙofa kafin a kai ga liftar. Ka tambaya ko mota na iya tsayawa a ƙofar gidan. Ka nemi ɗakin da tagarsa ba ta kallon titin da jirgin ke bi ko wurin da ake hira da kiɗa da dare. Sannan ka karanta abin da waɗanda suka kwana a wurin cikin watannin baya-bayan nan suka rubuta, musamman masu ƙorafi, in ka ga mutum uku da ba su san juna ba sun ambaci abu ɗaya, to ka gaskata su. Ka kuma zaɓi wanda ya yarda a fasa ba tare da asarar kuɗi ba, don tafiya da dattijuwa ba a rantsewa a kan ranarta.

Babban amfanin masauki na kusa shi ne komawa da rana. Ku fita da sassafe kafin layin masu ziyara ya yi tsawo, ku koma bayan azahar mahaifiyarka ta miƙe ƙafa ta ɗan runtsa, sannan ku sake fita bayan la'asar. Da wannan tsari za ta ga abubuwa da yawa cikin nishaɗi, kuma ko ta ce yau ba za ta sake fita ba, kai da matarka kuna iya zagayawa kusa, hankalinku kwance, tunda minti kaɗan ne tsakaninku da ita.

Game da zirga-zirga, kada ka yi hayar mota, ba za ta amfane ka da komai ba sai neman wurin ajiyewa. Ka saya wa kowannenku katin Istanbulkart tun ranar farko, shi ake amfani da shi a tiram da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito. Ku guji hawa tiram a lokacin fita aiki da tashi daga aiki, domin yakan cika maƙil, in kuma dole ta kama, ka sa jakar takardunku a gabanka. In za ku ƙetara Asiya akwai hanya biyu. Jirgin Marmaray, wanda aka buɗe a shekarar 2013, yana bi ta ƙarƙashin ruwa daga Sirkeji zuwa Uskudar cikin 'yan mintuna, sai dai tasharsa ta Sirkeji tana da zurfi ƙwarai, saukar ma kanta tafiya ce. Ni dai ina roƙon ka ka kai mahaifiyarka a jirgin fito daga Eminonu, ko da sau ɗaya ne, kuma ku dawo dab da magariba. Tana zaune a kujera, ba ta taka ko'ina ba, za ta ga hasumiyoyin tsohon gari sun jeru a kan tuddai, da ƙubbar Masallacin Sulaimaniyya wanda magini Sinan ya kammala a shekarar 1557. Ban ga abin da ya kai wannan kallo a birnin ba. Tasi kuwa ka ajiye ta don ranar gajiya ko ruwan sama, ka tabbata an kunna mita, ka kuma riƙe katin otal ɗinku mai ɗauke da adireshi don nuna wa direba. Ita ma mahaifiyarka ka sa mata ɗaya a jaka, ko da Allah ya sa kun rabu a cikin taro.

Ka duba tikitinku da kyau ka san filin jirgin da za ku sauka, domin biyu ne. Babban yana ɓangaren Turai, fiye da kilomita 40 daga tsohon gari, ɗayan kuma, Sabiha Gokcen, yana ɓangaren Asiya. Da kaya da dattijuwa bayan doguwar tafiya, gara ka shirya da otal ɗin su turo mota, ku daidaita kuɗin a rubuce tun kafin ku tashi.

Wajen raba kwanakin, ka tuna ana rufe Fadar Topkapi ranar Talata, babbar kasuwa kuma ranar Lahadi. In za ku yi Juma'a a ɗaya daga cikin manyan masallatan, ku je da wuri don ta sami wuri mai kyau a sashen mata. Ka kuma ware safiya guda cikakkiya domin unguwar Ayub Sultan, inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda. Tana wajen ganuwa a bakin Halic, kuma na san tun da aka fara maganar tafiyar nan wurin da mahaifiyarka ta fi ambata ke nan, don haka kada ka haɗa shi da wata ziyara da za ta sa ku gaggawa.

Ka turo mini sunayen masaukan da ka tace da amsoshin da suka ba ka, mu duba su tare a taswira kafin ƙarshen mako. Ka saya wa mahaifiyarka takalmi mai laushi marar santsi tun yanzu, ta riƙa sa shi a gida har ƙafarta ta saba da shi. Ka gaishe mini da matarka da yara. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.

Naka,
Mahaifinka