Zuwa ga kamfanin da ya sayar min da roba da sunan kawa mai ƙaya

Salamu alaikum. Malam manaja, na kira layinku har na gaji, a WhatsApp kuma ana karantawa a yi shiru, shi ya sa na kawo maganar nan kowa ya gani.

Ni sana'ata shirya duwatsun wuya a Garwa, kayan lefe da na ƙawayen amarya. Na ga tallarku kun ce kuna da tsakiya ta ɓawon Spondylus, wato kawa mai ƙaya ta teku, ja da ruwan lemo, wai daga ƙasar Ekwado, na tura muku kuɗina cas, na yi sati uku ina zarya tashar mota kafin kayan su iso daga Duwala. Na shirya sarƙa uku na ba amarya. To kun san zafin Garwa ai, ko la'asar ba a yi ba wuyan yarinyar nan ya yi ja kamar an shafa mata jan baki, har wuyan leshinta fari ya ɓaci, uwarta ta kira ni gaban mutane, wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na dawo gida na ɗora allura a wuta na soka wa guda ɗaya, ta shige sumul, sai warin ƙonanniyar leda. Na matsa lemon tsami a wata, ko kumfa, alhali ɓawo na gaske kumfa yake yi. Kuma duk kansu ɗaya, har da layin inji a tsakiya. Na gaske na taɓa riƙe shi a hannuna, yana da nauyi da sanyi, da fari-fari a cikin jan, wani ma da 'yan ramuka, kuma launin nan halittarsa ne, gumi ba ya wanke shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, amsa ɗaya tak da yaronku ya ba ni wai "Hajiya kawa ai kawa ce". Ɗana da ke karatun halittu a jami'ar Ngaundare dariya ya yi, ya ce wannan ko dangin kawar da ake ci ba ce, ita waccan Ostreidae ce, wannan kuwa gidanta daban, Spondylidae, tun 1758 masanin halittu Linnaeus ya sa mata suna Spondylus. Ɓawo biyu gare ta, na ƙasa manne da dutse, bayanta duk ƙayoyi, cikinta fari da baki mai launi, mahaɗin kuma haƙora bibbiyu ne masu shiga rami. Mutanen Inka na zamanin da a Peru ma mullu suke ce mata, kayan sarauta da ibada ne a wurinsu. Ita ce za ku haɗa da robar bokiti?

Sauran kayan suna nan a ledarsu, rasit ɗin turo kuɗi ma yana wayata. Ku turo min adireshin da zan mayar, ku dawo min da kuɗina har da na mota, leshin amarya kuma ni na riga na biya, sai mu yi lissafinsa. Ina jiranku zuwa Juma'a.

Mai shirya duwatsun wuya, Garwa