A duba sinadarin dutse, za a ga hanyar da wuta ta bi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu. Duk sanda aka yi maganar aman wuta mutane dutse ɗaya suke hangowa mai rami a ka, alhali mafi girman aman da duniya ta taɓa gani ko dutsen ma babu, ƙasa ce kawai ta tsage narkakken dutse ya dinga malala har ya rufe yanki guda. Na Siberiya ya faru shekaru miliyan 252 da suka wuce, daidai lokacin da mafi yawan halittu suka mutu. Na Dekan a Indiya shekaru miliyan 66, kuma har yau baƙin dutsen yana shimfiɗe a kan fili kusan murabba'in kilomita 500,000.

To ta ina wannan abu ya fito? Ai shi ne abin da ya kama ni. Tsagar da ya bi ta fito, ragowarsa na daskarewa a ciki ya zama bango a tsaye cikin ƙasa, masana na ce masa daik, kuma suna da yawan gaske, a ido duk baƙi ne iri ɗaya, ba ka isa ka ce wannan ne ya fitar da wancan malalen ba. Sai a fasa ɗan guntu da guduma a niƙe shi ya zama gari a kai lab, a auna sinadaran titaniyom da zakoniyom da nau'o'in sitirontiyom da ke ciki, a gwada da na malalen. Kamar gwajin jini ne na gano dangi. In narkakken dutsen ya daɗe zaune a ƙarƙashin ƙasa yana narka tsohon dutsen da ke kewaye da shi, sinadarin zai tona. A Dekan haka aka raba malalen rukuni-rukuni, rukunin da ake kira Bushe ya sha gauraya sosai, na Ambenali kuwa kusan tsantsa ya fito. Kuma da wannan awon ne aka danganta duwatsun Rajamundri da ke can gabashin Indiya da na rukunonin Ambenali da Mahabaleshwa na Dekan a yamma, tafiyar kusan kilomita 1,000 fa!

Na Amurka ma haka, a yankin kogin Kolumbiya an bi wani malale da ake kira Roza har aka gano jerin tsagogin da suka fitar da shi. Sannan duwatsun kudancin Burazil da na Namibiya awonsu ya zo ɗaya, don aman guda ne tun kafin tekun Atlantika ya raba su.

Wani zai ce ina ruwanmu da tsohon dutse. Ni dai nan ne nake ganin ba a yi wa ilimin nan adalci. A Norilsk ta Rasha an lura wasu malalen sun fito da ƙarancin nikel da jan ƙarfe ƙwarai, ashe farar wuta ce ta kwashe su tun a hanya suka zauna a ƙasa cikin magudanar da narkakken dutsen ya bi, kuma wajen yana cikin manyan ma'adinan nikel da faladiyom na duniya. Wato abin da ya ɓace a sama shi ke nuna akwai shi a ƙasa. Haka kuma inda narkakken dutsen ya ratsa yana da nasaba da mutuwar halittun nan, domin a Siberiya ya kutsa cikin shimfiɗun kwal da gishiri da farar ƙasa ya gasa su, iskar gas mai yawa ta fita sama.

Roƙona Malam Edita, a samo masanin duwatsu ya riƙa yi mana irin wannan bayani da Hausa ko sau ɗaya a wata, da hoto da taswira, don ɗalibai su gani da idonsu.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum